Kuɗin NECO na mutum ɗaya ne, yara kuma biyu

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tagwayena, mace da namiji, sun kai ajin ƙarshe na sakandare. Abin da na tara daga ƙosai da adashi, jarrabawar mutum ɗaya zai biya. Babansu ya ce a biya wa namijin, ita ai gidan wani za ta. Alhali ita ke koya masa lissafi da daddare, da fitilar waya. Ya zan yi?

Ungozoma: Wa alaikumus salam. Ni ma haka aka ce da ni. Yau albashina ke sayen maganin hawan jinin Baba, ni ke biyan makarantar ƙannena uku. A asibitinmu kuwa, mata kan juya gida in suka tarar namiji ne a ɗakin awo.

Malamin Firamare: Hajiya, wace jiha kike? A Kano gwamnati kan biya wa ɗaliban makarantunta da suka ci jarrabawar tantancewa, wato kwalifayin. Ki tambayi shugaban makarantar tukuna.

Gwaggo: 'Yata, kar ki yi ja-in-ja da maigida. Tura yayansa ya lallashe shi. Ita bana, shi baɗi. Namiji zai iya jira a shagon wani. Ita in ta zauna shekara ɗaya, masu kawo goro za su riga NECO zuwa.