Neman kalmar Hausa: me za mu kira "firakshan"?

1/ Jama'a, ga wata kalma da ta hana ni sakat tun hutun Ƙaramar Sallah: firakshan. Ɗiyata 'yar aji huɗu ta dawo gida da aikin hutu, shafi guda cike da lamba a sama, layi a tsakiya, lamba a ƙasa. Ta ce, "Baba, mene ne sunansa da Hausa?" Na ce rabi, na ce sulusi, na ce rubu'i. Ta ce ai waɗannan misalai ne, ita sunan abin take so. Da gaskiyarta. Mun san sunan kowane ɗa, sunan gidan ne ba mu daidaita a kai ba.

2/ 'Ya'yan kuwa da yawansu: nusufi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i, ushuri. Daga Larabci suka shigo ta zaurukan karatu, sun daɗe har sun zama 'yan gari. Malamin da ke rabon gado da shida yake aiki, waɗanda suka zo a ayoyi na 11, 12 da 176 na Suratun Nisa'i: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Manomi ya san ushuri yake fitarwa a amfanin damina, rabin ushuri a abin da ya sha wahalar ban ruwa. Ɗan kasuwa ya san nasa rubu'in ushuri ne, ɗaya cikin 40. Kuma kar mu manta, garin nan namu na Katsina ne ya haifi Malam Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafin da ya yi rubutu kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Bai kamata a ce Bakatsine ya rasa sunan firakshan a bakinsa ba.

3/ Na tambayi mutane a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura. An ba ni ɓangare, an ba ni yanki, gutsure, ɓari, juzu'i. Duk matsalarsu ɗaya. In na gutsiri waina, babu wanda ya ce sai gutsurena ya yi daidai da naka. Yanki da ɓangare ma haka, wani babba, wani ƙarami. Ɓari ya fi kusa, don ɓarin goro kusan rabi ne, amma ba ya wuce biyu. Juzu'i kuma ya tafi wajen littattafai. Shi kuwa firakshan ransa yana cikin daidaito: in rabon bai zo daidai wa daida ba, lissafin ya lalace.

4/ Ranar jajibiri na sami amsata, a wurin watanda. Mu 'yan unguwa mun haɗa kuɗin saniya, hannu 12, ni da ƙanena muka ɗauki hannu biyu na gidanmu. Na tafi da yara uku don su gani. Mahauci ya shimfiɗa buhuna, ya fara kasa nama wuri 12: tsoka ya zagaya, hanta ya zagaya, tumbi, ƙashi, kitse, kowane ya zagaya. In wani ya rinjayi ɗan uwansa, nan take ido 24 sun gani, sai an rage an ƙara. Na ce wa yarinyar ta ƙirga. Ta ce 12. Namu nawa? Biyu. Na ce to, in kowane gida ya ɗauki bibbiyu kamar mu, gida nawa za su samu? Ta bi su da yatsa, ta ce shida. Ta yi shiru, can ta ɗago ta ce, "Baba, ashe biyu cikin 12 shi ne ɗaya cikin shida." Abin da shafin aikin hutu ya kwana uku bai sa mata a kai ba ke nan. Wallahi na ji daɗin da ban ji ba ranar da aka ba ta sakamakon jarrabawa.

5/ Saboda haka ni a kan KASO na tsaya. Daga "kasa" yake, kuma kasawa a Hausa ba ta rabuwa da daidaito. Mai tumatir in ya kasa na ɗari biyu-biyu, kowane tuli daidai yake da na kusa da shi, in ba haka ba mai saye ya zaɓe babban ya bar masa sauran. Ga shi kuma kunnenmu ya riga ya saba: kullum rediyo na cewa "kaso 20 cikin 100". Wannan ma firakshan ne, wanda aka kasa gida 100. Ashe rabin aikin an riga an yi mana.

6/ "Kashi" fa? Ma'anar ɗaya ce, kuma a magana ba laifi. Amma a rubuce, tunda ba ma sa alamar karin sauti, yana karo da wata kalmar, ga ƙashi kuma in ƙugiya ta faɗi a waya. Ajin yara 'yan shekara tara ba ya buƙatar wannan rikici. Wani dattijo ya tuna mini da gidan kaso. Na ji, amma ba na jin akwai yaron da zai ga "kaso uku cikin huɗu" ya tuna kurkuku.

7/ Lambobin biyu ma na ba su suna a gida. Ta ƙasa, lambar kasawa: gida nawa aka kasa. Ta sama, lambar ɗauka: nawa ka ɗauka. Kuma na fi son a karanta "ɗaya cikin uku" a kan "ɗaya bisa uku". Bisa wurin da aka rubuta lambar kawai take faɗa, cikin kuwa tana faɗin abin da ya faru da naman.

8/ Da yamma muka gwada kalmar a wajen awon zakkar fidda kai. Kowane mutum sa'i ɗaya, wato mudannabi huɗu. Mu tara ne a gida, yara suka auna gero mudannabi 36 da hannunsu, Hajiya na zaune tana gyara masu cikar mudun. Na tambayi ƙaramin, mudu ɗaya wane kaso ne na sa'i? Ya ce ɗaya cikin huɗu. Hajiya ta ce, "Rubu'i ke nan, haka muka taso muna ji." Kaka da jika suka haɗu a kan abu ɗaya, babu mai fassara a tsakani.

9/ Saura guda da ban warware ba. In lambar ɗauka ta fi ta kasawa, kamar biyar cikin huɗu, wato sa'i guda da mudu ɗaya, ni "kaso mai rara" nake ce wa yara. Malaman firamare na Katsina da Daura, ku da ke tsaye gaban allo kullum, in kuna da wadda ta fi ta zama a bakin yaro, ku kawo ta kafin a koma makaranta.