Gudwil na dala biliyan 24 a takardun AMD: dukiya ce ko iska?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Mai sayen hannun jarin Amurka ta manhaja daga nan Legas, idan ya buɗe rahoton 2022 na AMD, kamfanin Amurka mai zana cif na kwamfuta, zai ga wani abu mai suna gudwil ya tashi daga ƙasa da dala miliyan 300 zuwa biliyan 24 cikin shekara guda. Ba masana'anta ba ce, ba tsabar kuɗi ba. Malamai, yaya ake auna wannan kafin a zuba kuɗi?

Malam Akanta:
Wa alaikumus salam. Ɗauki shagon waya a Ikeja: kaya da kanta sun kai naira miliyan 30, an saya a miliyan 45 saboda wuri da kwastomomi. Miliyan 15 ɗin nan ita ce gudwil, wato rarar da aka biya bayan an yi wa duk abin da ke ƙirguwa kuɗi an cire bashi.

Mafi yawan na AMD daga sayen Xilinx, wani kamfanin cif, ya fito. An sanar da cinikin a Oktoban 2020 a kan dala biliyan 35, amma da hannun jari aka biya, kuma kafin a kammala a Fabrairun 2022 hannun jarin AMD ya hau, sai cinikin ya koma kusan biliyan 49. Xilinx bai ƙara komai ba, farashin ne ya kumbura, littafi ya ɗauka.

Lissafin farko: raba gudwil da jimillar kadarori. Biliyan 24 cikin kusan 68, ya ɗan haura kashi ɗaya bisa uku. Na biyu: daga dukiyar masu hannun jari, wajen biliyan 55, cire gudwil, ka kuma cire fasaha da hulɗar kwastomomi da aka sayo, su ma wajen biliyan 24. Abin da ya rage bai kai biliyan 7 ba.

Hajiya Obalende:
Malam, lissafinka daidai ne, amma kada ya firgita yaron. AMD ba shi da masana'anta, kamfanin TSMC na Taiwan ke buga masa mafi yawan kaya. Kamfanin semikondakta, wato na cif, irin wannan dukiyarsa zane ce da injiniyoyi, don haka ƙarancin kadarar da hannu ke taɓawa ba aibi ba ne.

Inda ake tuntuɓe shi ne maƙwabcin gudwil, wato fasahar da aka sayo. Shi gudwil, a ƙa'idar lissafi ta Amurka da ta ƙasa da ƙasa (IFRS) da kamfanonin kasuwar hannun jarin Najeriya (NGX) ke bi, ba a rage shi shekara-shekara, gwada shi ake yi aƙalla sau ɗaya a shekara a ga ko darajarsa ta faɗi. Fasahar da aka sayo kuwa ana zaftare ta daga riba a hankali. A 2023 wannan ya ci wa AMD kusan biliyan 2.8, ribar da aka lissafa bisa ƙa'ida ta tsaya a miliyan 854. Kamfanoni kan fito da wata riba ta biyu da suka tsame wannan kuɗi, su ce ai ba tsaba ce ta fita ba. Gaskiya ne, amma zanen cif yana tsufa cikin 'yan shekaru, kuma sabunta shi kuɗi ne. Ka ajiye ribar biyu gefe da gefe.

Alhaji Idi-Araba:
Ɗan'uwa, kada ka jira ranar da za a ce an zaftare gudwil, lokacin ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada. Shugabannin da suka yi cinikin su ne ke hasashen kuɗin da za a gwada shi da su, ba kuma mai son ya ce ya yi tsada. Kamfanin cif na Intel ya sayi wani kamfanin cif, Altera, a kan dala biliyan 16.7 a 2015. A 2025 ya sayar da kashi 51 na Altera ga kamfanin zuba jari na Silver Lake, inda aka ƙiyasta Altera gaba ɗaya a biliyan 8.75. Mobileye, kamfanin fasahar tuƙin mota, ya zaftare gudwil na kusan biliyan 2.7 a 2024, bayan hannun jarinsa ya riga ya zube. Abin da aka zaftare kuma ba ya dawowa.

Buɗe 10-K, wato rahoton shekara na kamfanin, je bayanin gudwil, ka ga ɓangaren kasuwancin da aka ɗora wa mafi yawa. Sai ka raba ribar aikin wannan ɓangaren da kuɗin da aka biya. In shekara uku ta wuce yana ƙasa da ruwan bashin da kamfanin ke biya, an yi tsada. Duba kuma da me aka biya: kamfanin cif na Broadcom ya ci bashi mai nauyi don sayen kamfanin manhaja na VMware a 2023, kuma bashi ba ya jiran kasuwar cif ta farfaɗo.

Ɗan Agege:
Na gode. To a wane ɓangaren AMD zan nemi na Xilinx?

Malam Akanta:
Mafi yawansa yana ƙarƙashin ɓangaren da rahoton ya kira Embedded. Can za ka fara.