Makarantar cocinmu ko ta kusa da gida? Don Allah ku ba ni shawara

Maman Rifkatu:
Salama 'yan'uwa. A Dogarawa muke zaune, nan Zariya. Rifkatu za ta shiga aji ɗaya a watan Satumba, sannan akwai ɗan ƙanwar maigidana da muke riƙo tun rasuwar mahaifinsa, shi aji uku zai shiga. Yaron Musulmi ne. Uwarsa ta ba mu amanarsa da sharaɗin ba za a taɓa masa addini ba, kullum da yamma yana zuwa Islamiyya. Maigida yana son a kai su duka makarantar cocinmu a Sabon Gari saboda tarbiyya. Tambayata biyu ce. Ana tilasta wa yaron da ba Kirista ba shiga sujadar safe da haddar aya? Kuma tarbiyyar da ake ta faɗa tana nan kuwa har yanzu? Ba na son in raba musu makaranta, kada yaron ya ga kamar an ware shi.

Baban Ayuba:
Ki kai su kawai, kada ki tsaya dogon tunani. Karin Magana 22:6 ta riga ta gama magana a kan koya wa yaro hanya tun yana ƙarami. Nawa uku duk makarantar coci suka yi, har yau ba mai gaishe ni a tsaye.

Goggo Saratu:
Kuɗin ma da sauƙi. Jikata N28,000 muke biya mata a zango, har da littattafai.

Danjuma Samaru:
Goggo, wace shekara ke nan? Zangon da ya wuce N46,000 na biya, ban da yunifom, ban da kuɗin PTA, ban da na bikin Kirsimeti. Ki kuma lissafa kuɗin keke daga Dogarawa zuwa Sabon Gari, yara biyu, zuwa da dawowa.

Goggo Saratu:
Danjuma, ni zan yi maka ƙarya? 'Yan ikilisiya ana yi musu ragi. In kai ba ka samu ba, ka tambayi kanka yaushe rabonka da sujadar Laraba.

Hannatu Muciya:
Ban so in sa baki ba, amma tunda an ambaci ragi zan yi magana. Ba zan faɗi sunan makarantar ba. Mijina shekara goma sha ɗaya yana cikin ƙungiyar mawaƙa, ni ina Zumuntar Mata. Lokacin da ake ginin azuzuwan nan da kanmu muka ɗauki yashi. Ya rasu ana tsakiyar zango na biyu. Ranar jana'iza aka tsaya gaban jama'a aka ce daga yau ikilisiya ce uban yaran nan, kowa ya ce amin. Mako shida bayan nan, an gama waƙa da addu'a a asambali, aka karanto sunayen masu bashi aka ce su fito gaban layi. Ɗana yana ciki, shekararsa takwas. N9,000 ce ta rage mana. Aka kore su, ba wanda ya kira ni. Da ƙafa ya tako har gida, na dawo daga kasuwa na same shi a zaure yana barci da jakarsa a baya. Na je wurin hedimasta ya ce ba shi ba ne, kwamiti ne. Na je wurin kwamiti suka ce in rubuto takarda, ma'aji ya yi tafiya. Sati uku yaron yana gida. Daga baya aka aiko ya koma, an biya. Sai da shekara ta zagayo na san malamar ajinsa ce ta biya daga aljihunta, alhali ita ma tana bin makarantar albashin wata biyu. Har yau yaron nan in an fara waƙar da aka yi a safiyar ranar, shiru yake yi. Su ne fa suka koya masa haddar Yakubu 1:27, wadda ke maganar kula da marayu da gwauraye.

Maman Dogara:
Wayyo Hannatu. Ubangiji ya share miki hawaye. Na yi kuka wallahi.

Baban Ayuba:
Sannu 'yar'uwa, abin bai yi daɗi ba. Amma laifin mutum biyu ko uku ne, kada a shafa wa kowa kashin kaji.

Hannatu Muciya:
Baba, mutum tara ne a kwamitin. Dukansu sun ci shinkafar makoki a gidana.

Baba Malam Wusasa:
'Ya'yana, ku bar tsoho ya ce wani abu. A Wusasa na yi firamare, na kuma yi shekara talatin da biyar ina riƙe da alli. Dakta Miller, Baturen mishan, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, a 1929 mishan ya koma Wusasa. Coci da makaranta da asibiti tare suka tashi, ba a raba su ba. Makarantar St. Bartholomew ce ta raini Janar Yakubu Gowon da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello (ABU). A zamaninmu malami ya san gidan kowane yaro, in ba ka zo ba kwana biyu sai ka gan shi a kan keke a ƙofar gidanku. Kuma muna da Musulmi a ajinmu, wasu 'yan'uwanmu ne na jini, ban taɓa ganin an doki wani don bai rufe ido a addu'a ba. Da gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, har aka sauya wa kwalejin St. Paul suna zuwa Kufena, abubuwa da yawa suka sauya. Waɗanda coci-coci ke buɗewa yanzu da kuɗin iyaye kaɗai suke rayuwa, shi ya sa ma'aji ya fi malami ƙarfi.

Danjuma Samaru:
Baba, da girmamawa, labarin da ne wannan. Ita Satumban bana take tambaya. Masu yara a ciki yanzu su ya kamata su yi magana.

Goggo Saratu:
Ji rashin kunya! Mutumin da ya koyar da iyayenku za ka ce kada ya yi magana?

Bulus Kwangila:
Ni dai abin da na tsira da shi daga makarantar coci Yohanna 11:35 ce, wato "Yesu ya yi kuka". Duk Juma'a in an ce kowa ya kawo aya, mu goma sha biyu ita muke kawowa don ta fi gajarta. Rannan malam ya ce tunda mun ƙi barin Yesu ya huta da kuka, yau mu ma za mu taya shi. Dorina ta yi aiki.

Maman Dogara:
Kai Bulus, ana maganar marayu kana ba mu dariya. Kai da ko aure ba ka yi ba.

Malama Ladi:
Tunda Hannatu ta ambaci malama, bari ku ji namu. Shekara shida ina koyarwa a makarantar coci, ina da NCE. Albashina N27,000, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan N70,000 ne tun 2024. A watan Agusta ba a biyanmu, wai ba mu yi aiki ba. In ka yi magana a ce aikin Ubangiji ne, ladanka yana sama. Ni na yarda aikin Ubangiji ne, shi ya sa nake zuwa bakwai saura kwata in share aji tare da yarana. Amma mai gidan haya ba ya jiran lada. A ajin da nake yanzu an yi malamai huɗu cikin shekara biyu. Yaya za a yi yaro ya samu tarbiyya a hannun wanda bai gama sanin sunansa ba ya tafi?

Baban Ayuba:
Malama, in an ƙara muku albashi kuɗin makaranta zai tashi, su Hannatu ne kuma za su sha wahala.

Malama Ladi:
To baikon godiyar kaka da aka tara bara ina ya shiga? An sa tayil a ofis, aji biyu kuma har yanzu rufinsu na yoyo.

Maman Rifkatu:
Na gode muku duka. Hannatu, sannu, ina yi miki addu'a. Amma don Allah, akwai wanda yake da yaro Musulmi a irin makarantar nan a yanzu? Ranar Litinin za a rufe sayar da fom.

Danjuma Samaru:
Malama Ladi ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Wa ke duba lissafin kwamitocin nan ne? A taron iyaye na ƙarshe na nemi a karanta mana, aka ce lokaci ya ƙure, a tashi a yi addu'ar rufewa.