Yaron shago da takardar sufeton aiki

Alhaji mai kayan masarufi: Assalamu alaikum jama'a. Yarona da na riƙe tun bai iya bada canji ba, na kore shi saboda kaya na ɓacewa, yau sai ga takarda daga sufeton aiki. Wai ban yi mashi kontira ba, ban rubuta shi a kes ba, wato asusun ma'aikata na CNSS. Ci da sha, kuɗin magani, har sadakinshi ni na biya! Dokar aiki ta kamfanoni ce da ƴan ONG, ba ta yaran shago ba. Butulci ne kawai.

Ƴar sandika: Alhaji, wanda ka biya ma sadaki shi ne yaro?

Tela na Zariya: Hajiya, a Babbar Kasuwa ko hurhura gare ka, in kana ƙarƙashin wani, yaronshi ne kai.

Ƴar sandika: To dokar aiki ta Nijar ta 2012 ba ta san yaro ba. Duk mai aiki bisa umurnin wani don a biya shi, ma'aikaci ne, ko da baki aka yi yarjejeniyar. Mafi ƙarancin albashi jika 42 ne tun 2024, da 30.047 ne. Kes kuma dole ce: a cire 5,25 bisa ɗari a albashinshi, maigida ya ɗora nashi kaso.

Tela na Zariya: Wane albashi? Yaro ba albashi yake jira ba, jari yake jira.

Malamin makaranta: Nan ne hwa. Baba Alhaji, da jari ka rabu da shi ko hannu biyu?

Direban Jibiya: Ni ma yaron mota na yi, yau ga ni da motata. Ba sufeton da ya saya mani.

Malamin makaranta: Maigidanka ne ya saya maka, ko tsohuwarka ta saida gona?

Direban Jibiya: Kar ka sa uwata cikin maganar ga! Ku da kullum yajin aiki, ƴaƴanmu na yawo.

Ƴar sandika: Ka bar malamai. Awa 40 doka ta ce a mako, yaran shago kuwa daga asuba har isha'i.

Tela na Zariya: Kin sake cewa yaran shago da bakinki 😂

Mai turare: Akwai humra sabuwa, mai so ya taɓa ni.

Alhaji mai kayan masarufi: Ni hwa tambayata, in je kiran ko kar in je?

Direban Jibiya: Malam, ka janye maganar gona tukuna.

Admin: Ya isa haka. Abin da muka fahimta, mahi yawan jama'a sun yarda yaro yaro ne, kuma kowa shaida ne Alhaji ya yi ƙoƙari, ni kaina maƙwabcin shagonshi ne. Hajiya ta kawo lissahin boko, mun gode. Malam ya ba direba haƙuri. An rufe magana.

Ƴar sandika: Mutum biyu ne mahi yawa? Alhaji, ka je kiran. Sulhu ake fara yi a wurin sufeto, in bai yiwu ba sai kotun aiki.