Neman kalmar Hausa: me za mu kira "occupational therapy"?

Assalamu alaikum jama'a. Malaman Hausa da ma'aikatan lafiya ku nake nema, don Allah ku ɗan tsaya. Wane suna za mu sa wa fannin nan da Turawa ke kira "occupational therapy"? Ni ɗalibar fannin ce, yanzu haka ina fostin, wato an turo ni koyon aiki, a sashen masu taɓin ƙwaƙwalwa na wani asibiti, aikin da aka ɗora min shi ne zama da majinyata rukuni-rukuni muna yin wani abu tare, kuma kusan kullum sai wani ɗan uwan majinyaci ya tare ni ya ce Malama ke nas ce ko likita, in ce masa O.T. ce ni, wato gajeren sunan masu wannan aikin a Turance, sai ya gyaɗa kai kawai alhali bai gane komai ba. Masu fisiyo sun huta, ana cewa gashi kowa ya san inda aka dosa. Mu ba mu da suna, kuma aikin da ba shi da suna ba wanda zai zo ya neme shi wa ɗansa.

Bari in faɗi abin da muke yi tukuna don kar a ba ni suna a kan hasashe. Mutum ya kwanta asibiti, an ba shi magani, muryoyin da yake ji sun lafa, ya daina fisge-fisge, likita ya ce alhamdulillahi an samu sauƙi. To amma ga shi nan zaune bakin gado tun safe har la'asar, wanka sai an ce ya yi, salla ta wuce bai sani ba, in ka miƙa masa kuɗi ka ce ya sayo sabulu ya karɓo canji abin ya gagara. Wani ciwon ne ya cinye masa himma, wani kuma magungunan ne irin su haloperidol da Largactil ke sa shi rawar hannu da taurin jiki da barci. Wannan giɓin da ke tsakanin "ya samu sauƙi" da "ya koma rayuwarsa" shi ne wurin aikinmu.

A zaman da nake jagoranta mukan fara da gaisuwa kowa ya faɗi sunansa da yadda ya tashi, sai mu shiga abin da aka tsara, wata rana saƙar faifai, wata rana dara ko ludo, wata rana ban ruwa ga alayyafon da muka shuka a bayan wod, mata kuma mun taɓa dama kunu tare tun daga lissafin cefane. Wanda ya leƙo zai ce wasa muke. Ni kuwa idona na kan wa ya iya jiran layinsa ya zo, wa ya riƙe matakai uku a jere bai ɓata ba, minti nawa hankalin wane ke tsayawa kafin ya miƙe, wa ya sha kaye a dara ya haƙura bai watsar da 'ya'yan ba. Wanda aikin ya yi wa nauyi in rage masa, wanda ya fara gundura in ƙara masa wuya kaɗan. Almakashi da allura kuwa a ƙirga suke fita a ƙirga suke komawa, wannan ba a wasa da shi. Bayan an tashi in zauna in rubuta duka in kai wa mai duba ni.

Toh ga sunayen da aka fara kawo min da na yi wannan tambayar.

Yayana da ya ce "koyar da sana'a", na gode, kuma na san ba kai kaɗai ba ne, yawancin mutane haka suke fassara shi don sun ga kalmar ta yi kama da wadda ake cikewa a fom wajen tambayar aikin mutum. Amma wallahi wannan sunan shi ya fi yi mana illa. Da zarar ka ce sana'a, uwa za ta sa ran ɗanta zai fito da keken ɗinki da satifiket, in bai fito da su ba ta ce an ɓata masa lokaci. Sannan tsohon da ya haura saba'in wace sana'a za a koya masa? Shi buƙatarsa ya iya alwala da kansa, ya sa rigarsa, ya taka zuwa masallaci ya dawo bai ɓace ba. Koyon sana'a wani ɗan yanki ne na aikin, can wajen ƙarshe, kuma ba kowa ke buƙatarsa ba.

"Ɗebe kewa" kuma, Anti na san da zuciya ɗaya kika faɗa, haka wasu nas-nas ma ke cewa, "ku tashi ga mai ɗebe muku kewa ta zo". Gaskiya ana ɗebe kewar, zaman wod akwai gundura. Sai dai ranar da ka kira abu ɗebe kewa to ranar ka ba da izinin a soke shi duk lokacin da aka ga dama, kuma ba mai ware masa kuɗin zare da kaba.

Akwai Malamin da ya ce mu ɗauko daga Larabci tunda su al-ilajul wazifi suke cewa, sai mu ce maganin wazifa. Malam Allah ya ƙara ilimi, hanyar aro daga Larabci ai hanyarmu ce tun asali, amma wazifa ta riga ta samu gida a Hausa, zikirin 'yan Tijjaniyya ne, in na shiga wod na ce a fito wazifa da carbi za a fito. Ɗan uwanmu na Maraɗi kuma ya tuna mana cewa su can ergoterapi suke ji a bakin likitoci saboda Faransanci, tushenta kalmar Girkanci ce mai nufin aiki. Wato ko mun ce mu ari kalmar kawai mu Hausantar da ita, mutanen Kano za su ari ta Ingilishi, na Damagaram su ari ta Faransanci, mu tashi da suna biyu da ba wanda kaka za ta iya furtawa. Wannan ma kaɗai ya isa hujjar a ƙirƙiro tamu.

Na koma na duba me su masu kalmar suke nufi da ita tun farko. A 1917 aka kafa ƙungiyar fannin ta farko a Clifton Springs cikin jihar New York ta Amurka, cikin waɗanda suka kafa ta akwai William Dunton likitan ƙwaƙwalwa, da Eleanor Clarke Slagle wadda ta shahara da horar da majinyatan da suka daɗe a asibiti su dawo da al'adun yini, tashi kan lokaci, wanka, sa tufafi, cin abinci cikin mutane. A 1922 Adolf Meyer, shi ma likitan ƙwaƙwalwa, ya yi rubutu yana cewa lafiyar mutum na rataye da daidaito tsakanin aiki da wasa da hutu da barci. Kun ga tun asali maganar abin da ke cika wa mutum yininsa ake yi, neman kuɗi ɗaya ne kawai daga ciki. Mu ma a ƙasar nan muna da namu tarihin, a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda majinyaci ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan uwansa, ya je asibiti a duba shi ya dawo cikin jama'a ana harkokin yau da kullum da shi. Ni a ganina ruhin aikinmu ke nan.

Saboda haka kalmar da muke nema ita ce wadda ta haɗe wanka da girki da salla da kasuwa da reno da zumunci duka a baki ɗaya. "Aiki" ta yi kusa amma tana jan hankali zuwa ofis da albashi, ka ce wa mutum maganin aiki sai ya ɗauka ko maganin gajiya ne. "Harka" ta fi faɗi, na so ta sosai, amma kun san yadda samari suka lalata ta, a sashen da rabin gadajen matasa ne da kodin da tiramol suka kawo su ba zan tsaya in ce a zo a yi harka ba.

Hajiyar da ta ce "hidima", Mama Allah ya saka da alheri, ni dai nan na tsaya. Ku saurari yadda muke amfani da ita: hidimar gida, hidimar yara, hidimar makaranta, wane ya tsufa ba ya iya hidimar kansa, wance ta warke har ta koma hidimominta. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce daidai abin da nake rubutawa a fayil a matsayin buri, da ma can muna faɗinta ba mu sani ba. Hidima ba sai an biya ka ba, namiji na yi mace na yi, yaro na da tasa tsoho na da tasa, kuma akwai mutunci a cikinta, mai hidima mutum ne da ake buƙata a gida. Majinyacin da aka ɗaure shi da mari shekaru kafin a kawo shi asibiti abin da ya rasa ke nan, ba wanda ke sa shi komai, ba wanda ke jiran komai daga gare shi.

Wani ya yi gyara cewa hidima na nufin kashe kuɗi ma, kamar hidimar biki, kar mutane su ji sunan su ɗauka wani caji ne. Gyaran na da ƙarfi ban raina shi ba. Shi ya sa ba za a bar ta ita kaɗai ba. Na gwada "jinyar hidima" sai na ga jinya ta nas-nas ce, ma'aikatan jinya ake ce musu, za mu koma ruɗanin da muka gudo. Abin da ya zauna min a baki shi ne farfaɗo da hidima. Fannin ke nan. Mai yinsa jami'in farfaɗo da hidima, ko jami'ar. Kuma sunan bai tsaya kan ƙwaƙwalwa kaɗai ba, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama yana koyon cin tuwo da hagu, da yaron da aka haifa da lalurar da ta hana shi riƙe fensir, duk ya ɗauke su, don abokan karatuna da ke fostin a waɗancan sassan su ma O.T. ne.

Shi kuma taron da muke yi, wani ya ce a kira shi gayya tunda aiki ne na haɗin gwiwa. Kalma ce mai daɗi amma gayya burinta a gama noman gonar kafin rana ta faɗi, mu kuwa faifan zai iya fitowa a karkace kuma zaman ya yi kyau matuƙa, in dai wanda bai ce uffan ba tun da aka kwantar da shi ya buɗe baki ya ce a miƙo masa kaba. Ƙungiya kuma sai a ɗauka da shugaba da ma'aji. Ni zaman hidima nake cewa yanzu. Na gwada a wod, "Baba a taso, lokacin zaman hidima ya yi", ba wanda ya tambaye ni mene ne shi, wata uwa ma da na ce mata aikina farfaɗo da hidima ne cewa ta yi to don Allah a fara da wanka, ya fi damunta.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ana ta maganar haƙƙin majinyaci da mayar da shi cikin al'umma, to wannan bayanin a rediyo da Hausa za a yi shi in ana so ya isa ƙauye, gara mu shirya kalmominmu kafin wani ya fassara mana shi da koyar da sana'a ya zauna haka. 'Yan uwa da ke aiki a asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Dawanau da Maiduguri don Allah ku gwada kalmar a bakin majinyata da masu jinyarsu ku dawo mana da abin da kuka ji.

Abin da ya rage min shi ne gajeren suna na mai aikin, don jami'ar farfaɗo da hidima ya yi tsawo a kira mutum da shi daga ƙarshen wod, su fisiyo ana ce musu mai gashi a wuce wurin. "Mai hidima" zai iya rikicewa da masu shara da kai abinci. Sakkwatawa da Katsinawa da mutanen Damagaram ina jiran ku musamman, ko akwai wata kalma a bakinku da ba mu da ita a nan.