Wane jirgin ruwan yaƙi na roba zan fara haɗawa? Ku ba ni shawara

SabonShiga:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara, na daɗe ina kallon bidiyon masu haɗa ƙananan jiragen ruwan yaƙi na roba a YouTube, irin wanda ake sayowa a kwali gutsi-gutsi mutum ya manna da gam ya yi masa fenti da kansa, yanzu dai abin ya shiga raina ina so in gwada. Ban taɓa haɗa komai ba, ko mota ko jirgin sama. Wanda nake mutuwar so shi ne Yamato na Japan, ko kuma Bismarck na Jamus, amma da na shiga dubawa sai na ga ana rubuta 1/350, 1/700, wani ma 1/200, kaina ya ɗaure. Wanne zan ɗauka? Kuma wane kayan aiki ne dole sai da su, don ba na so in tara tarkacen da ba zan yi amfani da su ba.

TsohonHannu:

Wa alaikumus salam ƙanena, barka da shigowa. Bari in fara da lambobin tunda su suka ɗaure maka kai. 1/350 yana nufin an raba tsawon jirgin gaske gida 350 an ba ka kashi ɗaya, shi ke nan. Yamato tsawonsa mita 263 ne, to a 1/350 zai ba ka kusan santimita 75, a 1/700 kuma wajen 37 da ɗoriya, a 1/200 kuwa ya wuce mita ɗaya, sai ka nemo masa teburinsa daban. Bismarck mita 251, a 1/350 kusan santimita 72 ke nan. Ɗauko tef ka auna 75 a kan teburin da za ka yi aikin ka gani da idonka kafin ka yanke shawara.

Ni dai ba zan ɓoye maka ba, kada ka fara da Yamato. Ba girman ne matsalar ba, maimaici ne. Manyan igwoyinsa guda tara masu bakin santimita 46 daɗin haɗawa gare su, rana ɗaya ka gama, amma Yamato a siffarsa ta ƙarshe, wato yadda yake lokacin da aka nutsar da shi ranar 7 ga Afrilu 1945, cike yake da ƙananan bindigogin kakkaɓo jiragen sama, kuma kowace sai ka yanko ta daga firam, wato sandunan robar da gutsattsarin ke zuwa maƙale a jikinsu, ka goge, ka manna, ka shafa fenti, ka sake yin wata irinta sak, ka sake, har sai ka ji ka tsani jirgin. Ni da Bismarck na fara saboda zumuɗi, wallahi gangar jikin na nan saman kabad ta sha ƙura, rabin bene ba fenti, shekara nawa ban ko taɓa ta ba.

Abin da nake ba kowane sabo shawara shi ne distiroya, wato ƙaramin jirgin yaƙi mai gudu, a 1/350, kuma ni Fletcher na kamfanin Tamiya nake nunawa. Jirgin Amurka ne na yaƙin duniya na biyu, an ƙera irinsa guda 175, tsawonsa wajen mita 115, don haka a hannunka zai zo santimita 33 ko kusa da haka. Igwa biyar, bututun hayaƙi biyu, komai na jirgin yaƙi akwai amma ba mai yawan da zai gundure ka ba, kuma gutsattsarin Tamiya suna zama daram ba sai ka yi ta kokawa da su ba, takardar bayaninsu ma hoto ne ke magana ko ba ka karanta rubutun ba za ka gane. Da yake irinsa na da yawa hotunan jirgin gaske ma ba sa wahalar samu a intanet in ka zo wajen fenti.

MaiGam:

Gaskiya Malam TsohonHannu ya faɗi gaskiya a kan Yamato amma ni ban yarda lallai sai 1/350 ba. Ni da 1/700 na fara, irin wanda ake yanke jirgin daidai inda ruwa ke tsaya masa, ƙasan a shafe, ka ajiye shi a kan tebur kamar yana tafiya a teku. Kamfanonin Japan ne suka haɗu suka fito da wannan jerin tun 1971, Tamiya da Hasegawa da Aoshima da Fujimi, shi ya sa kusan duk jirgin Japan na wancan yaƙin za ka same shi. Amfaninsa ba ruwanka da farfela, ba ruwanka da jan fentin ƙasan jirgi da ja masa layi miƙaƙƙe da ke ba sababbi ciwon kai, kuma ba ya cin waje. Har Yamaton da kake so a 1/700 ai bai kai santimita 40 ba.

Illarsa dai ƙanƙanta, wasu gutsattsarin ba su kai ƙwayar ashana ba, in ka matsa hantsaki da ƙarfi sai dai ka ji tsit ya yi tsalle, ka durƙusa kana lalube a ƙasa har ka haƙura. Ka riƙa yankan ƙananan a cikin leda ko cikin murfin kwalin. In idonka na da matsala ko hannunka na rawa to bi maganar Malam kawai.

ƊanKurme:

Ba wanda ya ambaci jirgin ƙarƙashin ruwa? Shi ne fa mafi sauƙi. U-boat na Jamus samfurin VII C, mita 67, kamfanin Revell suna da shi a 1/144, zai zo maka wajen santimita 46. Ɓari biyu na ganga ka haɗe, hasumiya ɗaya, igwa ɗaya, ka gama sai fenti. A nan za ka koyi ɓatar da layin da ke fitowa inda ɓari biyu suka haɗu, wanda duk jirgin da za ka yi nan gaba sai ka yi wannan aikin.

TsohonHannu:

ƊanKurme kullum kai da jiragenka marasa bene, hhh. Amma ka yi gaskiya, sai dai yaron nan igwoyi yake so ka ji sunayen da ya kira.

Na manta ban amsa maganar kayan aiki ba. Ƙaramar filaya mai yanka ta gefe don cire gutsattsari daga firam, kada ka kuskura ka murɗe su da hannu, nan ake karya su ko a bar farin tabo. Wuƙa mai siririn baki irin ta masu zane, sanfefa mai laushi, hantsaki, burushi biyu ɗaya siriri ɗaya mai faɗi, da salatif na masu fenti. Gam kuma ka nemi na roba mai ruwa-ruwa irin Tamiya Extra Thin, shi ba manna yake yi kamar sauran gam ba, narkar da fuskar robar yake yi su zama abu ɗaya, don haka sai ka haɗa gutsattsarin biyu tukun sannan ka taɓa bakin burushin a tsagar ya bi da kansa. In ya zubo kada ka sa yatsa, shatin yatsanka zai zauna a jikin jirgin har abada, bar shi ya bushe ka goge. Kuma kullum ka gwada zaman abu ba gam kafin ka sa gam. Fenti ka fara da akirilik mai wankuwa da ruwa, ba shi da wari sosai, ka sirka shi ya yi ruwa ka shafa sau biyu ko uku maimakon sau ɗaya mai kauri da zai cike duk ƙananan zanen bene. Injin fesa fenti bar shi tukun.

Abu ɗaya da zan ja maka kunne a kai, waɗancan siraran faranta na tagulla da kake gani a bidiyo ana lanƙwasawa ana yin shingen gefen jirgi da tsani da rada, su ne ke sa jirgi ya yi kyau kamar na gaske, amma gam ɗin roba ba ya kama su sai sufa gulu, kuma in ka lanƙwasa ba daidai ba ka ce za ka mayar sai ya karye. Wasu kwalayen na kamfanonin Trumpeter da Flyhawk da su suke zuwa a ciki, ka duba bayan kwali ko ka nemi hoton takardar bayanin a intanet kafin ka saya. Jirgin farko yi shi da robarsa zalla.

MaiGam:

Ƙari a kan fenti, Fletcher da yawa an yi musu zanen ɓad-da-kama mai launi biyu ko uku, kada ya ruɗe ka, zaɓi mai sauƙi ka yi. Kuma ka yi wa bene fenti kafin ka dasa gine-ginen saman, in ka manna komai tukun burushi ba zai shiga lungunan ba, ni haka na ɓata nawa na farko.

SabonShiga:

Kai, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ɗauko tef na auna 75 ɗin nan Malam, ashe har ya zarce inda nake ajiye kwamfuta, dariya kawai na yi. Fletcher ɗin zan ɗauka in sha Allah, Yamato ya jira ni, wataƙila in yi shi a 1/700 kamar yadda Yaya MaiGam ya ce in hannuna ya faɗa. Tambaya ɗaya ta rage, wannan jan fentin na ƙasan jirgi da baƙin layin da ke samansa, wanne ake fara shafawa kafin a liƙa salatif ɗin?