Shawarwarin zaure ga mai son fara zuwa wasan mawaƙan indi a Ingila

Autan Zaure: Assalamu alaikum yayyena. Ina karatu a Manchesta, waƙoƙin indi, wato na mawaƙan da ba sa ƙarƙashin manyan kamfanoni, su ne abin saurarona amma duk a waya. Ina so in fara zuwa inda ake kaɗa su kai-tsaye. Daga ina ake farawa, nawa zan tanada, kuma me zan kiyaye?

Yayan Lidis: Wa alaikumus salam Auta. Ka manta da filin ƙwallo da manyan ɗakunan da ke cin mutum dubu goma. Wannan kiɗan a ƙananan ɗakuna yake rayuwa, masu cin mutum 150 zuwa 500, kuma garinku cike yake da su. Ka duba jadawalin Night & Day Café a titin Oldham, da Band on the Wall a titin Swan, da YES, da Deaf Institute. In ka ga sunan da kake so a Brudenell Social Club na Lidis, ka shiga jirgin ƙasa, tafiyar kamar awa ɗaya ce. Babban ɗakinsu mutum 400 yake ci, kuma sautinsa na cikin mafi tsafta a arewacin Ingila. Tikitin irin waɗannan wurare yawanci fam 10 zuwa 20 ne. Kada ka raina ƙanƙantar ɗaki. A King Tut's na Gilasgo, mai cin mutum 300, mai kamfanin waƙa na Creation ya ga ƙungiyar mawaƙa ta Oasis a 1993 ya ɗauke su.

Lokacin da aka rubuta a tikiti na buɗe ƙofa ne, ba na fara wasa ba. In an ce ƙarfe 7 ko 7 da rabi, masu share fage za su hau bayan kamar rabin awa, su yi minti 30, a ɗauki minti 15 zuwa 20 ana sauya kaya, manyan baƙin su hau wajen ƙarfe 9 su yi awa ɗaya ko da rabi, a tashi kafin 11. Ana saka ainihin lokutan hawa a Instagram na wurin ranar wasan da rana. Ni dai shawarata ka je tun buɗe ƙofa. Masu share fagen yau su ne za ka nemi tikitinsu ka rasa baɗi.

Mai Haɗa Sauti: Kafin ka sayi tikiti, sayi abin toshe kunne. Ba wasa nake ba, ga lissafin. Ma'aunin da NIOSH, hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka, ke bi shi ne desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa ɗaya, 97 rabin awa, 100 minti 15 kacal. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 don wuraren casu ta ce kada matsakaicin ƙara ya wuce 100 a cikin minti 15, wato ko wurin da ke bin wannan ƙa'ida a bakin wannan iyakar yake wasa. Ƙaramin ɗaki mai gajeren rufi da ganguna a gabanka yana iya zarce haka, domin ƙarar gangar da faifan ƙarfenta ba ta hannun mai na'ura, kai-tsaye take fitowa. Wasan awa biyu da rabi kuwa, ka yi lissafin da kanka.

Iri uku ne. Na soso mai araha yana rage ƙara sosai, har kusan desibel 30 a takarda, amma siririn sauti ya fi yankewa, sai muryar mawaƙi da jita su dushe, bugun ƙasa kawai ya rage. Na biyu mai matata a ciki, na roba, wanda aka yi don kiɗa: yana rage kamar 15 zuwa 20, kusan daidai a kowane mataki na sauti, shi ya sa waƙar ke fita yadda take, ƙarfinta ne kawai ya sauka. Fam 15 zuwa 30 za ka samu mai kyau. Na uku shi ne wanda ake auna kunnenka a zuba maka, ya haura fam 100, na masu sana'ar ne. Kai na biyun ya ishe ka.

Anti Nas: Auta, ka ji maganar Malam. Abin da ke lalacewa ba dodon kunne ba ne, wasu 'yan sirara ne kamar gashi a can cikin kunne, su ke mayar da girgiza ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke ji. In suka mutu ba sa sake tsirowa. Wannan ƙarar "ziii" da mutum ke ji bayan wasa, ko jin kamar an cusa masa auduga, alama ce an wahalar da su. In ta faru, ka huta da ƙara na kwana ɗaya ko biyu, har da abin saurare na waya. In ta ƙi tafiya bayan 'yan kwanaki ka ga likita, in kuma ji ya ɗauke maka farat ɗaya a kunne guda, ranar za ka nemi asibiti, ba jira.

Kuma na soson ma kada a raina shi, ya fi babu nesa ba kusa ba, wurare da yawa suna bayar da shi kyauta in ka tambaya a kanta. Matsalar rashin iya sakawa ce. Ka murza shi da yatsu masu tsabta har ya zama siriri ba tare da ya lanƙwashe ba, ka zagayo da ɗaya hannun ta saman kai ka ja kunnen sama da baya don hanyar ta miƙe, ka tura, ka riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya kumbura. In wanda ke gabanka yana hango rabinsa a waje, bai shiga ba, kuma ba rabin kariyar kake samu ba ma.

Mai Haɗa Sauti: Haka ne Anti. Ƙari ɗaya: kada a cire shi "don waƙa ɗaya". A ƙarar 100, waƙoƙi uku ko huɗu sun cinye rabon yinin.

Sai wurin tsayawa. Nemi teburin mai haɗa sauti, yawanci a tsakiya ko can baya, ka tsaya gabansa kaɗan. Abin da kunnensa ke ji a wurin shi yake gyarawa, saboda haka nan ne sauti ya fi daidaita. Bakin dandamali a tsakiya kallo ne mai daɗi amma sau da yawa murya ba ta fita, don manyan lasifikan suna gefe biyu suna harba sauti ta bayanka, kai kuma akwatin jita da ganga kawai kake sha. Kusurwa da jikin bango kuma bugun ƙasa ke taruwa ya yi kauri. Gaban lasifika kai-tsaye, kada ma ka soma.

Yayan Lidis: Malam, a nan mun ɗan saɓa. Mai zuwa karon farko ya je gaba ko sau ɗaya, ya ga yatsun mai jita da yadda mai ganga ke ba da alama da kai. Don wannan ake barin waya a zo. Ya tsaya gaba ta gefe, taku uku daga lasifika, da abin kunnensa.

Mai Faifai: Ni ɓangaren kuɗi zan taɓa, don shi ne bambancin indi da sauran. Manyan kamfanonin waƙa uku ne, Universal da Sony da Warner. Wanda ke wajensu, ko yana ƙarƙashin ƙaramin kamfani irin Rough Trade, Domino, 4AD ko Matador, ko yana fitar da kayansa da kansa, babu wani jari mai kauri a bayansa. Kuɗin mota, mai, masauki da mai haɗa sauti duk daga tikiti da teburin kaya suke fita, kuma ƙaramin rangadi sau da yawa da ƙyar yake mayar da uwar kuɗi. Saboda haka in kana da fam 20 a aljihu bayan wasa, je teburin da ke bakin ƙofa ka sayi riga ko faifai. Sau da yawa su mawaƙan ne da kansu ke tsaye a wurin. Wasu manyan ɗakuna suna yankar kaso daga wannan cinikin, har kashi 25 cikin ɗari, ƙananan kuwa galibi ba sa taɓawa.

A intanet, shafin sayar da waƙoƙi na Bandcamp ya fi kai musu kuɗi. Kashi 15 yake ɗauka a waƙar saukewa, kashi 10 a kaya irin faifai da riga, ban da ladan masu tura kuɗi. Tun Maris 2020 kuma akwai wasu Juma'o'i da yake yafe kasonsa gaba ɗaya, ana sanar da ranakun, sai ka tara sayayyarka zuwa ranar. Spotify kuwa tun 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a wata 12 ba, ba a biyan ta ko sisi. Ka yi amfani da shi wajen gano sababbi, amma kada ka ɗauka ka tallafa wa kowa da shi.

Wajen gano su, tashar BBC 6 Music, da NTS ta Landan, da bidiyoyin KEXP ta Siyatil. Na ƙarshen ya fi amfani ga mai shirin sayen tikiti, don kai-tsaye ake kaɗawa a ɗakinsu, za ka gane wanda ya iya da wanda na'ura ta rufa wa asiri. Ka kuma leƙa shagon Piccadilly Records, titi ɗaya da Night & Day, takardun sanarwar wasanni na nan.

Ɗan Agadas: Ƙanena, kada ka yi zaton abin na Turawa ne kaɗai. Mutanenmu na Nijar suna yawo a daidai waɗannan ɗakunan. Mdou Moctar, Ba'abzine mai kaɗa jita da hagu, Matador ce ta fitar da faifansa na 2021, kafin nan kuma Sahel Sounds ta Fotlan a Amurka ce ke fitar da shi. Wannan kamfanin a 2011 ya tattara waƙoƙin da ake turawa daga waya zuwa waya a Sahara ya buga su a faifai, daga nan sunan Mdou ya fita. Su ne kuma ke fitar da Etran de L'Aïr, makaɗan biki na Agadas, da Les Filles de Illighadad. Tal National na Yamai kuwa FatCat ta Biraitin ta ɗauke su a 2013, kuma har da Hausa suke waƙa. Ka sa sunayensu a manhajar Songkick ko Bandsintown, za a aiko maka sanarwa in za su zo kusa. Amma ka saya da wuri, ba kullum suke zuwa ba, kuma matsalar biza takan sa a ɗage rana, don haka kada ka sayi tikitin jirgin da ba a mayar da kuɗinsa sai abu ya tabbata.

Hajiyar Landan: Batun tikiti. Ka bi mahaɗin da ke shafin wurin ko na mawaƙin, zai kai ka masu sayar da tikiti irin DICE, See Tickets ko Skiddle. Kada ka rubuta sunan wasa a Google ka danna na farko, galibi tallar masu sake sayarwa ce da farashi ninki. In tikiti ya ƙare, shiga jerin jira na DICE ko ka duba Twickets, inda ba a yarda a sayar sama da asalin kuɗi ba. Ranar wasan ma tikiti kan fito, mutane na fasawa. Wanda ya ce a kafar sada zumunta ka tura masa kuɗi ta banki ya turo maka hoton tikiti, rabu da shi. Tikitin DICE a lambar wayarka yake ɗaure, lambar shigar ma sai dab da buɗe ƙofa take bayyana, hoton allo ba ya aiki. Wannan ke nufin in cajinka ya mutu a layi ka shiga uku, ka riƙe ƙaramin batir.

Duba shekarun da aka rubuta: 14, 16 ko 18 zuwa sama. In 18 ne sai da shaida mai hoto, fasfo ko lasin tuƙi ko katin shaidar shekaru na PASS. Katin makaranta yawanci ba sa karɓa. Jaka kada ta wuce girman takardar A4, kuma wurare da yawa kati kawai suke karɓa.

Sai abin da ba a faɗa maka ba, ɗana. Kusan duk waɗannan ɗakunan akwai kantar giya a ciki, da cinikinta ma suke biyan haya. Wannan kai za ka auna wa kanka. Babu mai tilasta maka sayen komai, kuma doka ta wajabta wa duk mai lasin sayar da giya a Ingila ya ba da ruwan famfo kyauta in an nema. In kana son kauce wa wurin gaba ɗaya, akwai wasannin da ake yi a shagunan faifai lokacin fitar sabon kundi, irin na Rough Trade East da ke Brick Lane a Landan: ka sayi faifan, a ba ka shiga, wasan gajere ne kuma ana tashi da wuri. Salla kuma ka tsara ta tun daga gida. Da hunturu magariba kan faɗi wajen ƙarfe 4, babu matsala. A Yuni da Yuli kuwa sai bayan ƙarfe 9, daidai hawan manyan baƙi, kuma ba kowane wuri ke barin wanda ya fita ya dawo ba. Ka tambayi mai tsaron ƙofa tun shigarka ko suna buga hatimi a hannu.

Anti Nas: Cunkoso ma. A ƙaramin ɗaki ba kasafai ba, amma da ka shiga ka gano ƙofar fita ta biyu. In ka ji taro na tafiya da kai ba da sonka ba, ɗaga hannu biyu a gaban ƙirji don numfashi ya samu wuri, kada ka yi gaba da turin, ka riƙa zamewa ta gefe duk lokacin da aka ɗan lafa. Abin da ya faɗi ƙasa ka bar shi. In masu ture-turen rawa sun buɗe fili a tsakiya, matsa baya taku biyu ka fita daga ciki, wanda ya faɗi kuma a ɗaga shi nan take. Ka sa takalmi rufaffe, ka ci abinci kafin ka je, rigar sanyi kuma ka ajiye ta wurin ajiya, don ɗakin kan yi zafi ko ana dusar ƙanƙara a waje. Yawancin masu suma yunwa da zafi da rashin ruwa ne.

Autan Zaure: Allah ya saka da alheri yayyena, na kwashe duka. Ɗaukar bidiyo fa, ana bari?

Mai Haɗa Sauti: Galibi ana bari sai in mawaƙin ya hana, amma ban da fitila. Daƙiƙa 30 ta isa, wayar a daidai ƙirjinka ba sama da kai ba, na bayanka ma kuɗi ya biya. Kuma daga kusa da lasifika makirufon waya cika yake yi, kwaramniya kawai za ka kai gida. Daga wajen teburina ya fi fita.

Yayan Lidis: In Lidis za ka zo, duba jirgin ƙarshe na komawa kafin ka biya tikiti, musamman Lahadi da ake yawan gyaran layi a sa bas a madadinsa. Brudenell ba kusa da tasha yake ba, a unguwar Hyde Park yake, ka ware rabin awa in da ƙafa ne. Kuma ka sa ido ƙarshen Janairu, lokacin makon ƙananan ɗakunan wasa na Independent Venue Week, sanannu kan sauko ɗakunan mutum 200 kuma tikitin ba ya kwana.